Kifin da Na Mayar wa Ruwa

Shekara shida muna zuwa fatsa ni da wani dattijo mai suna Maman Lawali kowace Juma'a bayan La'asar, kuma a duk tsawon lokacin ban taɓa ganin ruwan teku ya taɓa masa ko ɗan yatsan ƙafa ba. Na lura da haka tun makon farko, amma na ɗauka tsufa ne da tsoron santsi.

Sunana Saifuddeen, mutumin Katsina ne ni, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Jidda. Shi ya sa yake kirana Likita, ko da yake na gaya masa ya fi sau ɗari cewa jini da fitsari kawai nake aunawa. Ranar da muka haɗu, ina zaune a kan duwatsun bakin teku can kudancin gari da sabuwar sandar fatsata wadda ban iya ba, sai na ji wani daga saman dutse yana zagin kifi da Hausa: “Ɗan banza, ka cinye jambarina ka tafi ko godiya babu!” Na ɗaga kai na ga wani gajeren tsoho mai faɗin kafaɗu, ya zauna can ƙololuwa inda feshin ruwa ba ya kaiwa, ya tanƙwashe ƙafafu, takalmansa a ajiye a gefe. Na yi masa sallama, ya dubi sandata ya ce, “Wannan ta kamun kifi ce ko ta kakkaɓo mangwaro?” Daga nan muka zama abokai.

Basarke ne, wato daga gidan masunta na gado, an haife shi a Gaya ta Nijar, bakin kogin Isa wanda mu muke kira Kwara. Yana ɗan shekara ashirin ya biyo alhazai ya zo, bai koma ba, yau shekara arba'in da ɗoriya ke nan. Ya yi dakon buhuna a sitocin Tashar Jiragen Ruwa har bayansa ya gaji. Sau biyu ana neman a ɗauke shi daga sito a kai shi bakin gaɓa wurin ɗaure jirage, aikin da kowa ke kwaɗayi, yana ƙi. Daga baya kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, ya mai da shi mai gadin wani bene mai hawa huɗu a unguwar Kurayyat, aka ba shi ɗaki a ƙasan matakala, shi da matarsa Fatu. Mutum ne mai sallah a sahun farko, mai yawan tsokana, ba ya ƙin kowa sai mai zubar da shara a ƙofar bene.

Shi ba ruwansa da sanda. Zarensa a jikin gwangwanin madara yake naɗe, ƙugiyarsa irin ta iyaye da kakanni, doguwa mai miƙaƙƙen baki. Zai maƙala jambari, abin da muke ce wa jatan lande, ya wurga, ya ɗora zaren a kan yatsa ya yi shiru. Da kifi ya ɗan taɓa, sai ka ga hannunsa ya fizga kamar wanda kunama ta harba. Sai dai akwai halinsa guda da ke ba ni haushi. Duk kifin da ya fito, komai ƙanƙantarsa, nan take zai kife masa fuska a dutse ya buga masa ƙarfe a ka. Ko wanda bai kai tafin hannu ba. Na sha ce masa, “Haba Baba, wannan ai ko mage ba za ta gode maka ba.” Sai ya ce, “Ya riga ya haɗiye ƙugiya har ciki, ko ka sake shi mutuwa zai yi.” Kuma gaskiyarsa ce, irin ƙugiyar nan tasa sau da yawa sai a tumbin kifi ake zaro ta.

To, ni ne na kawo maganin wannan hujja tasa, kuma da alfahari na kawo shi.

Wani abokin aikina Balarabe mai suna Nawaf, wanda ke fita teku da jirgi ran hutu, shi ya nuna min ƙugiya mai zagaye. Bakinta ya lanƙwaso ya koma yana kallon jikinta, sai ka rantse ba za ta kama ko tsumma ba. Amma hikimarta ke nan. Ko kifi ya haɗiye ta, idan ya juya zai tafi, sai ta sulalo daga maƙogwaro ba ta yanki komai ba, ta zo ta maƙale a gefen baki. Ka zare ta, kifi na nan da ransa, in ƙarami ne ka mayar da shi ya je ya girma. Ba ta yawan sarƙewa a duwatsun ƙarƙashin ruwa, ba ta kuma cika shiga yatsan mutum ba. Sharaɗinta ɗaya: ba a fizga. Kana fizga ka zaro ta daga bakin kifi salin alin. Haƙuri za ka yi har zare ya yi nauyi, sannan ka ja a hankali.

Na kai wa Maman Lawali guda biyar. Ya juya ɗaya a tafin hannu ya ce, “Likita, wannan ɗan kunnen Fatu ne ka sato?”

“Gwada ta dai, Baba.”

“Ƙugiyar da ke jin kunyar kifi har ta juya masa baya, mi za ta kama?”

Wata uku ina masa naci. Ni in na ga gaskiya a abu ba na iya yin shiru, wannan hali tun ina yaro ake min faɗa a kansa. Abin da ya karya shi a ƙarshe duwatsu ne. Wata Juma'a ƙugiyoyinsa huɗu suka maƙale a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, dole ya tsinke zare, don shi ba zai sauka ya ɓanɓaro ba. Da suka ƙare ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba ya ce, “Bon. Kawo ɗan kunnen.”

Wayyo, na sha dariya ranar! Kifi ya taɓa, hannu ya fizga, ƙugiya ta taso fayau. Sau biyar a jere. Hannun da ya yi shekara hamsin yana abu ɗaya ba ya jin magana. Yana zagin ƙugiya, yana zagin wanda ya ƙera ta, ni ina riƙe da ciki. Daga ƙarshe na ce ya danne hannun da gwiwa. Ya danne. Zare ya miƙe, ya yi nauyi, ya jawo a hankali, sai ga ɗan hamur, kifin nan mai ɗigo-ɗigo da ke zama a ramukan dutse, bai fi tsawon takalmi ba. Ƙugiya na nan ɗas a gefen bakinsa na hagu, ko ɗigon jini babu.

Irin wannan ƙugiya sai an murɗa ta ake fitarwa, shi kuma bai iya ba. Na ce, “Kawo in nuna maka.” Ya miƙo min, yana laluben ƙarfensa da ɗaya hannun. Na murɗa, ta fita. Na ɗaga kifin daidai fuskarsa na ce, “Ka gani, Baba? Lafiyarsa lau. Yi masa sallama.” Na wurga shi ruwa.

Ban taɓa jin irin sautin da ya fito daga bakin tsohon nan ba. Ba ihu ba ne, wani gajeren numfashi ne kamar an naushe shi a ciki. Ya miƙe tsaye yana kallon inda kifin ya nutse, ƙarfe a hannu. Sannan ya zauna. Ni kuma dariyar ta bushe min a baki.

“Ya gan ni,” ya ce.

“Wa?”

“Ka ɗaga shi ya gan ni da kyau, ka sake shi.”

A nan ya ba ni labarin da shekara shida bai ba ni ba. A gidansu akwai doka: kifin da ya fito ya ga fuskar masunci ba ya komawa ruwa da rai. Tsofaffinsu sun ce mutanen ruwa, wato iskokin da ke cikinsa, ba su san wanda ke ɗibar musu dabbobi ba, hannu kawai suke gani daga sama. In kifi ya koma, shi zai kwatanta musu kai. Za su sake aiko shi ya tabbatar, su kuma aiko shi na uku ya yi maka sallama. Bayan nan su za su zo da kansu. Yayansa Youssouf ya taɓa jin tausayin wata 'yar giwan ruwa ya sake ta. Sau biyu tana dawo masa, ya gane ta da tsagar da ke wutsiyarta, kuma kowane karo sai ta suɓuce. Bayan na ukun da kwana tara, suna cikin kwalekwale su biyu da tsakar rana, kogi kwance ko motsi babu, Youssouf ya sunkuya zai wanke fuska. Maman Lawali na kallon wani gefe. Da ya waiwayo babu kowa a jirgin sai shi. Bai ji ko ƙarar faɗawa ba, kuma Youssouf ya fi kowa iya ninƙaya a garin.

Ranar sadakar uku mahaifiyarsu ta kira shi ɗaki, ta kama nononta ta ce in ya sake sa ƙafa a ruwa mai tafiya da kansa, kogi ne ko tafki ko mene ne, ba ta yafe masa abin da ya sha ba. Ruwan buta da na bokiti ba komai. Ta sayar da awakinta ta haɗa shi da alhazai, don an ce mata ƙasar Makka babu kogi. Ita ba ta san akwai teku ba.

“Na kasa barin kamun kifi, Likita, jini ne,” ya ce. “Amma na kiyaye. Shekara arba'in ba wanda ya koma da labarina. Ruwa bai san inda nake ba.”

Maimakon in ba shi haƙuri, faɗa na kama yi masa. Kunya ce ta juye min zuwa fushi. Na ce, “Haba Baba! Kai da ke sahun farko, a ƙasar nan mai tsarki, kake wannan camfi? Ina kogin Gaya ina Bahar Maliya? Kifi ne zai ɗauki waya ya kira su?” Ya ce, “Ruwa duk ɗaya ne, ɗana.” Ya naɗe zarensa muka tafi, ko Magariba ba mu jira ba.

Juma'ar da ta biyo ya riga ni zuwa, da sababbin ƙugiyoyi irin nasa na da. Nufinsa ya kama kifin nan ya kashe. Na yi masa bayani cewa hamur ba ya nisa da raminsa, don haka ko ya sake fitowa ba abin mamaki ba ne. Ya ce to. Ya wurga daidai wurin, ya yi awa biyu, ko ƙyas. Ni da ke gefe ina wasa da tawa mai zagaye, sai na ji nauyi. Na jawo. Ɗan hamur ne, kuma ƙugiyata ta shiga ta ainihin hudar makon jiya, gefen baki na hagu. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, duk da bayanin da na gama yi da bakina.

“Riƙe shi! Kar ka taɓa ƙugiyar!” in ji Maman Lawali, ya taho da rarrafe a kan dutse. Na ɗago kifin sama, yana lilo a zare, bai ko mutsu-mutsu ba. Tsohon ya miƙo hannu, saura ƙiris, sai kifin ya yi juyi ɗaya tak. Hudar ta riga ta buɗe, ƙugiya ta fita, ya bugi gefen dutse ya gangara. Da irin ƙugiyarsa ce ya haɗiya, da ko aljani ne bai isa ya tofar da ita ba. Wannan ni na faɗa wa kaina, shi bai ce min komai ba sai, “Biyu.”

Na roƙe shi mu canja wuri, ko mu huta wata guda. Ya ce gudu ba zai yi amfani ba yanzu, dabara ɗaya ta rage, ya kashe shi kafin ya yi sallama. Tunda kuma kifin ba ya taɓa tsohuwar ƙugiya, ran Juma'a ta uku da kansa ya ɗaura mai zagaye. Ya danne hannunsa da gwiwa kamar yadda na koya masa.

Ranar babu iska sam. Jiragen dakon kaya na tsaye can nesa suna jiran shiga tasha, ruwa ya kwanta luf, har kana hango duwatsun ƙasa. Babu mai fatsa ko ɗaya kusa da mu, ga zafi mai danshi da ke sa riga ta manne a baya. Bai fi minti goma da wurgawa ba zare ya miƙe. Ya fara ja, sai ya dube ni ya ce, “Ba ya ja da ni. Tahowa yake.” Na leƙa na gan shi yana tasowa a hankali, yana bin zaren da kansa, har ya iso saman ruwa daidai ƙasan dutsenmu. Ya kwanta a gefe ɗaya, ido guda a sama. Na rantse ba ni yake kallo ba. Na ɗauko ragar hannu na fara sauka, ina cewa, “Ja, Baba, ja!” Bai ja ba. Kifin ya buɗe baki, ƙugiya ta zame ta faɗo, ya juya ya koma ƙasa ba gaggawa.

Maman Lawali ya naɗe zarensa tsaf a gwangwani, ya miƙo min. “Halas, shi ke nan,” ya ce. “Riƙe wannan.” Ya sa takalmansa. Bai sake zuwa bakin teku ba.

Wata bakwai ya yi bayan nan, lafiyarsa garau. Ina zuwa Kurayyat in same shi a kujerarsa ƙofar bene, mu sha shayi. Ya daina tsokanata, wannan ya fi komai damuna. Na kawo masa wani malami ɗan ƙasarsu ya yi masa nasiha cewa rai da ajali a hannun Allah suke, kifi ba ya kai tsegumi. Ya saurara da ladabi, ya ce gaskiya ne, ya yi istigfari. Da malamin ya tafi na ce, “To ka ji. Yalla, Juma'a sai teku.” Ya yi murmushi ya ce, “Na sani, Likita. Kaina ya sani. Ƙafafuna ne ba su sani ba.” Na tashi a fusace, na ce masa teku na can kilomita nawa, sai dai in tasi za ta hau ta zo ta same shi. Wannan maganar tawa har gobe tana ci na.

Wata Alhamis ce a watan Nuwamba, da safe, sama ta buɗe. Wanda ya zauna Jidda ya san ruwanta: shekara ta wuce ba ɗigo, rana ɗaya kuma tituna su koma koguna. Ina wurin aiki, ban samu hanyar isa Kurayyat ba sai bayan La'asar. Abin da ya faru Fatu ce ta gaya min.

Ta ce wajen ƙarfe goma ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, siriri, ya nufi gado. Ta kwashe takardunsu da iƙama, wato katin izinin zama, ta ce ya taso su hau bene. Daga gadon zuwa matakala taku huɗu ne, ruwan kuma bai wuce idon sawu ba. Ya naɗe ƙafafu a kan katifa ya ce ba zai taka ba. Ta yi magiya, ta yi faɗa, ya ce, “Kin san abin da Inna ta ce.” Sai ta ce ya zauna nan, za ta kira wani maƙwabcinsu mai suna Mazen na hawa na biyu da ƙaninsa su ɗauke shi cak. Ta ce tana kan matakala ta ji yana magana a ɗaki, a hankali, irin muryar da ake yi wa baƙon da aka daɗe ba a gani ba. Ta ɗauka addu'a yake.

Ba su yi minti biyar ba suka sauko. Suka tarar da shi zaune a bakin gado, ya jingina da bango. Ya naɗe ƙafar wandonsa tsaf har gwiwa, ya ɗora takalmansa a kan matashi don kada su jiƙe. Ƙafafunsa biyu suna cikin ruwa. Ya riga ya cika.

Likitan da ya duba shi ya ce zuciya ce, kuma na yarda, ai aikina ke nan, na san yadda tsoro ke yi wa zuciyar tsoho. Ruwan ma daga duwatsun gabas ya gangaro, ba daga teku ba. Duk na faɗa wa Fatu wannan. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “To wa ya naɗe masa wandon?” Ba ta san ni na saki kifin ba. Bai taɓa gaya mata ba, ni kuma har ta koma Gaya wurin danginta ban iya buɗe baki ba. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka, kuma da na zo kan ƙafafun nan kuka ya ƙwace min, sai da wani ya karɓe ni.

Har yanzu ina zuwa fatsa, kuma da ƙugiya mai zagaye, don duk abin da na faɗa a kanta gaskiya ne, ba ta kashe kifi. Gwangwaninsa na cikin jakata, ban taɓa warware zaren ba. Dutsen nan kuwa ban sake komawa ba. Kwanaki Nawaf ya bi ni, ya ga na kama wani ƙarami, na rufe masa ido da jiƙaƙƙen tsumma kafin in zare ƙugiya. Ya yaba min, ya ce haka ƙwararru ke yi don kifi ya natsu. Na ce masa haka ne. Bai lura ba cewa lokacin da zan sake shi, sai da na juya fuskata gefe.